Prince R380: Da Wane Ma'auni Za Mu Auna Tsohuwar Motar Tseren Japan?

Duk wanda ya tsaya a bakin titi na minti biyar zai ƙirga Toyota da Honda da Nissan har ya gaji, don haka motar Japan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Amma akwai wata motar Japan da ba za a taɓa gani a tasha ko a garejin unguwa ba, kuma ko a cikin masu son motoci ba kowa ya san sunanta ba. Sunanta Prince R380, motar tsere ce da aka ƙera a 1965.

Idan aka nuna mana hotonta, abin da za mu gani shi ne wata 'yar gajeriyar mota ja mai lamba 11, wadda tsawonta bai kai mita huɗu ba, tsayinta daga ƙasa kuma da kyar ya wuce mita ɗaya. Ba ta da wurin zuba kaya, ba ta da na'urar sanyi, kuma motocin tsere na yau za su bar ta a baya ba tare da wahala ba. Duk da haka kamfanin Nissan yana adana ta a rumbun motocinsa na tarihi da ke garin Zama, ana tattalinta kamar ƙwai. Shin darajar tata ta gaskiya ce, ko kuwa son tsohon abu ne kawai? Domin mu amsa wannan tambaya da adalci, mun ɗauki ma'auni huɗu: dalilin ƙera ta, abin da ke cikinta, abin da ta yi a fagen tsere, da abin da ta bari a baya.

Wane ne Prince?

Kafin mu ɗora motar a kan sikeli, ya kamata mu san gidan da ta fito. Prince ƙaramin kamfanin motoci ne na Japan wanda tushensa ke komawa ga kamfanonin ƙera jiragen sama guda biyu, Tachikawa da Nakajima. Bayan Japan ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, ƙasashen da suka ci ta da yaƙi sun hana ta ƙera jiragen sama na tsawon shekaru. Injiniyoyin da suka saba da injin jirgi sai suka wayi gari ba aikin yi, da yawansu suka koma ƙera mota. Wasu daga cikinsu sun fara da wata ƙaramar mota mai amfani da batir mai suna Tama a 1947, saboda man fetur ya yi ƙaranci a lokacin. A 1952 aka fara amfani da sunan Prince, wato yarima, don girmama Yarima Akihito mai jiran gadon sarautar Japan.

Kamfanin bai kai Toyota ko Nissan girma da kuɗi ba, amma yana da ƙwararrun ma'aikata. Shugaban sashen injiniyoyinsa, Ryoichi Nakagawa, tun zamanin yaƙi ya yi suna wajen zana injin jirgin sama. Shi wannan kamfani ne ya fara ƙera motocin Skyline da Gloria, waɗanda daga baya duniya ta san su da sunan Nissan.

Ma'auni na ɗaya: me ya sa aka ƙera ta?

R380 kaye ne ya haife ta. A watan Mayun 1964 aka yi babbar gasar tseren motoci ta Japan karo na biyu, wadda ake kira Grand Prix, a filin tsere na Suzuka. Prince ya shirya mata sosai, domin bai ji da daɗi ba a gasar farko ta 1963. Injiniyoyinsa suka ɗauki Skyline, motar iyali mai ƙofa huɗu, suka ƙara wa gabanta tsawon santimita 20, suka cusa mata babban inji mai silinda shida da suka ciro daga Gloria. Suna ganin sun gama shiri, sai ga wani direba ɗan Japan mai suna Sokichi Shikiba ya shigo da Porsche 904 daga Jamus, motar da tun daga zanenta don tsere aka yi ta.

Ranar tseren an ga abin da har yau Japanawa ke labarinsa. Direban Prince, Tetsu Ikuzawa, ya wuce Porsche ɗin, ya riƙe gaba na kimanin zagaye ɗaya, 'yan kallo suka miƙe tsaye suna ihu. Bayan haka Porsche ta karɓe gabanta, ta tafi abinta, ta lashe gasar. Motocin Skyline suka zo na biyu, na uku, na huɗu, na biyar da na shida.

Jama'a sun tafi gida da murna, amma injiniyan da ke kula da Skyline, Shinichiro Sakurai, ya fahimci darasin da ke ciki. Motar iyali, komai gyaran da aka yi mata, doguwa ce, mai nauyi, kuma injinta yana gaba. Ba za ta iya da motar da aka ƙera don tsere kawai ba. Wanda ke son ya kayar da Porsche dole ya ƙera irin motar Porsche.

Akwai kuma dalilin da ya wuce kofi. Shekarar 1964 ce Japan ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik a Tokyo, kuma a shekarar ta buɗe layin jirgin ƙasa mai tsananin gudu na Shinkansen. Ƙasar tana son ta nuna wa duniya cewa ta farfaɗo. A watan Oktoban 1965 kuma gwamnati ta sassauta dokar shigo da motocin waje, abin da ke nufin kamfanonin gida za su yi gogayya da na Turai da Amurka a kasuwarsu. A wancan zamani mutane da yawa suna kallon kayan Japan a matsayin masu araha marasa ƙarko. Filin tsere shi ne wurin da za a gwada wannan zato a gaban kowa. A wannan ma'auni, mun ba R380 cikakken maki, domin buƙata ta gaskiya ce ta kawo ta.

Ma'auni na biyu: me ke ƙarƙashin bodi?

Nan ne muhawara take. Prince bai taɓa ƙera motar tsere mai inji a tsakiya ba, kuma lokaci ya ƙure. Sai kamfanin ya sayo wata motar tsere ta Ingila mai suna Brabham BT8, aka kwance ta, aka yi nazarin firam ɗinta, wato ƙashin ƙarfen da ake ɗora inji da tayoyi da bodi a kansa. A kan wannan tsari aka gina R380 ta farko. Giyabos ɗinta mai giya biyar ma daga kamfanin Hewland na Ingila aka sayo, kafiretocinta guda uku kuma na kamfanin Weber ne na Italiya.

Mai suka zai ce, to ai kayan aro ba ya rufe katara. Me ya rage na Japan a jikin motar? Amsar ita ce inji. Injin da suka sa wa suna GR8 aikin Prince ne: silinda shida a jere, girmansa lita biyu, da ƙarfin doki kusan 200. Kowace silinda tana da bawul huɗu, jimilla 24, a lokacin da injin motar gida ke da bawul biyu kacal a kowace silinda.

Mene ne amfanin yawan bawul? Inji numfashi yake yi. Yana shaƙar iska da mai, ya ƙona su, ya fitar da hayaƙi. Bawul su ne ƙofofin shiga da fita. Mu ɗauki misalin ajinmu idan aka kaɗa ƙararrawar canjin darasi, wani rukuni na son fita, wani na son shiga. Aji mai ƙofa huɗu zai sauya ɗalibansa da sauri fiye da mai ƙofa biyu. Haka inji mai bawul huɗu yake cika silinda da sauri ya kuma kwashe hayaƙi da sauri, shi ya sa yake iya juyawa har sau 8,000 a minti ɗaya ba tare da numfashinsa ya sarƙe ba.

Sai batun wurin da aka ajiye injin. A R380 injin yana bayan direba, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Duk wanda ya taɓa tura kurar ruwa ya san bambancin jera jarkoki a tsakiya da tara su a baki ɗaya. Idan nauyi yana tsakiya, kurar tana juyawa da sauƙi. Idan ya taru a gaba, sai ta riƙa jan mai turawa zuwa inda ba ya so. Haka mota take a kan kwana. Ƙari a kan haka, nauyin injin yana danne tayoyin baya, waɗanda su ne ke tura motar, sai su kama kwalta da kyau idan an taka totur.

Ga kuma ɗan lissafi ga 'yan ajin kimiyya. Nauyin R380 bai kai kilo 700 ba. Idan muka raba shi da doki 200, kowane doki ɗaya yana jan abin da bai kai kilo uku da rabi ba. Mu kwatanta da motar gida mai nauyin kilo 1,200 da ƙarfin doki 120, inda kowane doki ke jan kilo 10. Wannan ya nuna mana cewa yawan doki kaɗai ba ya faɗin gudun mota, sai an duba kayan da dokin ke ja.

To, kwafi ne ko koyo? A ganinmu bambancin yana cikin abin da mutum ya yi bayan ya ara. Mai kwafi yana tsayawa inda mai abu ya tsaya, kuma idan aka tambaye shi dalili ba zai iya bayani ba. Injiniyoyin Prince sun gano cewa firam ɗin Brabham yana da rauni ga nauyi da ƙarfin injinsu, suka ƙarfafa shi, suka ci gaba da sauya shi daga shekara zuwa shekara. Duk da haka gaskiya ɗaya ce, ba su ne suka ƙirƙiro tsarin ba. A wannan ma'auni mun rage mata maki.

Ma'auni na uku: me ta yi a fagen tsere?

An gama motar a 1965, sai aka soke gasar wannan shekara. Maimakon a bar ta tana shan ƙura, a watan Oktoba aka kai ta filin gwajin motoci na Yatabe, ta kafa tarihin gudu na cikin gida. Ba a karɓi sakamakon a matsayin na duniya ba, domin a lokacin hukumar tseren motoci ta duniya ba ta amince da filin ba tukuna.

Ranar da ake jira ta zo a 3 ga Mayun 1966, a sabon filin tsere na Fuji da ke gindin Dutsen Fuji. Tsawon zagaye ɗaya kilomita 6 ne, za a yi zagaye 60, wato kilomita 360. Filin yana da wata kwana mai ban tsoro da aka gina a karkace kamar gefen kwano, da gangara mai digiri 30, wadda motoci ke faɗawa cikinta da cikakken gudu. Prince ya kawo R380 guda huɗu. Abokiyar hamayya kuwa ta sauya, domin a wannan karo Porsche 906 ce, sabuwa fil, wadda ta fi 904 ƙarfi, a hannun wani direba mai zaman kansa, Shintaro Taki.

Prince ya san Porsche ɗin tana da gudu, sai ya shirya yaƙin a matsayin ƙungiya. Yoshikazu Sunako, mai mota lamba 11, ya yi gaba, Ikuzawa kuma ya tsaya a gaban Porsche yana tare mata hanya na zagaye da dama. Daga baya Taki ya kuɓuce, ya kamo Sunako, ya karɓi gaba. Abin da ya juya tseren ya faru ne a wurin shan mai. Ma'aikatan Prince sun tanadi na'urar zuba mai ta musamman, sun kuma yi atisaye, saboda haka suka sallami motarsu cikin daƙiƙu kaɗan. Porsche kuwa ta ɓata kusan minti ɗaya a tsaye. Taki ya fito yana ƙoƙarin cike giɓin, motarsa ta zame ta daki shingen gefen hanya, tserensa ya ƙare a nan. Sunako ya zo na ɗaya, abokin aikinsa Hideo Oishi ya zo na biyu, Toyota 2000GT ta zo ta uku.

Yaya za mu auna wannan nasara? Masu kushe ta suna da hujja: motoci huɗu na kamfani guda, da kanikawansu da kayan aikinsu, sun taru a kan mota ɗaya ta mai zaman kansa. Masu yabo su ma suna da tasu: tsere mai nisa ba direba kaɗai ke yin sa ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma motar da ta yi kilomita 360 tana gudu iya ƙarfinta ba tare da ta lalace ba ta cancanci kofinta. Mu dai muna ganin duka maganganun biyu gaskiya ne, kuma mai hukunci na gari ba ya ɓoye ɗaya don ya fito da ɗaya.

Wani abu mai sosa rai shi ne, lokacin da Sunako ke karɓar kofi, ma'aikatan Prince sun riga sun san cewa sunan kamfaninsu yana gab da shuɗewa. Tun 1965 aka sanar cewa za a haɗe shi da Nissan, kuma a watan Agustan 1966, wata uku bayan nasarar, haɗewar ta tabbata. Wannan ce babbar gasa ta ƙarshe da aka shiga da sunan Prince.

Labarin bai ƙare da daɗi zalla ba. A 1967 motar ta dawo da sunan Nissan R380-II, da sabon bodi mai santsi da ƙarin ƙarfi. Porsche 906 guda uku suka shiga gasar, kuma wanda ya tuƙa ɗaya daga cikinsu ya yi nasara ba kowa ba ne illa Ikuzawa, tsohon direban Prince. Kunimitsu Takahashi ya kawo R380-II a matsayi na biyu. A watan Oktoban wannan shekara motar ta koma Yatabe, inda ta kafa tarihin gudu na duniya guda bakwai a ajinta. A 1969 kuma ta je Ostireliya ta lashe tseren sa'a shida na Surfers Paradise. Amma ba ta taɓa zuwa Le Mans ta Faransa ba, inda manyan motocin Turai ke gwada ƙwanjinsu na sa'a 24. Sai a 1991 motar Japan ta fara lashe wannan tsere, kuma Mazda ce ta yi. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa sunan R380 bai yi nisa a wajen Japan ba.

Ma'auni na huɗu: me ta bari a baya?

A nan ne muke ganin nauyinta ya fi rinjaye. Ƙungiyar Sakurai ta ci gaba da aiki a ƙarƙashin Nissan, ta ƙera R381 da ta lashe gasar Japan a 1968, da R382 da ta lashe ta 1969. R381 da injin Chevrolet na Amurka ta yi nasara, amma R382 injinta mai silinda 12 na gida ne. Wato cikin shekara huɗu ɗalibin da ya fara da aro ya kai ga tsayawa da ƙafarsa.

Injin GR8 kuwa an sassauta shi don ya dace da titi, aka kira shi S20, mai ƙarfin doki 160, aka sa shi a Skyline GT-R ta farko da ta fito a 1969. Wannan mota ta tara nasara 50 a tseren cikin gida zuwa 1972. Sunan GT-R da matasa ke gani a finafinai da wasannin kwamfuta a yau, daga nan ya samo asali. Da yawa sun san jika, ba su san kaka ba.

Ina batun kyan gani?

Da gangan ba mu sa kyau a cikin ma'aunanmu ba. Wani zai ga R380 ta farko ya ce gabanta ya yi dakusasshe, wani ya ce ƙanƙantarta ce ke burge shi, kuma ba mai iya kayar da wani da hujja. Abin da za mu iya cewa shi ne, duk wani lanƙwasa da rami a jikinta yana da aiki: wani don iska ta wuce, wani don sanyaya inji, wani don sanyaya birki. Kada kuma son tsohon abu ya rufe mana ido. Motocin wancan zamani ba su da kariyar da na yau ke da ita, kuma direbobi da dama sun rasa rayukansu a cikinsu. Ita kanta kwanar Fuji mai gangara an daina amfani da ita bayan wani mummunan hatsari a 1974.

Hukuncinmu

R380 ba ita ce motar da ta fi kowace gudu a zamaninta ba, kuma ba duk abin da ke jikinta ne ƙirƙirar masu ita ba. Darajarta tana cikin tafiyar da ta yi: an kayar da masu ita a 1964, ba su tsaya neman uzuri ba, suka nemi sanin dalili, suka ari abin da ba su iya ba, suka zuba ƙwarewarsu a inda suka fi ƙarfi, suka yi nasara, aka sake kayar da su, suka sake gyarawa. Wanda ya san wannan tarihi idan ya kalli 'yar jar motar nan mai lamba 11 zai ga abin da wanda bai sani ba ba zai gani ba.

Waɗannan tambayoyi huɗu ba na mota kaɗai ba ne. Za mu iya auna kowane aikin hannu da su, har da abin da 'yan ƙungiyar kimiyya ke haɗawa don baje koli: wace matsala ya zo warwarewa, me aka aro kuma me aka ƙara, yaya ya yi da aka gwada shi, kuma me na baya za su koya daga gare shi?

Wanda yake ganin mun yi wa R380 rowar maki, ko mun yi mata alfarma, ya rubuto hujjarsa ya miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida. Za mu liƙa amsoshin da suka fi ƙarfin hujja a wannan allo a fitowa ta gaba.